Maƙwabta Biyu a Ƙirjin Mai Burodi

Shekara talatin da ɗaya ubana Eleuterio
yana tashi ƙarfe uku na dare a Valparaíso,
ya sauka matakala ɗari da sittin zuwa gidan burodi,
can ƙasa teku na lasar gindin jirage.
Saukar ba ta taɓa zama abin magana ba.
Hawan ne.

Tun bai taɓa ƙofa ba mun san ya dawo,
ƙirjinsa na fito kamar butar shayi a kan wuta.
Uwata kan ce fulawa ce ta ciyar da mu,
ita ce kuma ta shige masa huhu ta miƙe ƙafa.
Katin asibiti ya ce asma.
Shi ya ce tsohuwar abokiyar zama ce,
ya san halinta, ta san nasa.
Shuɗin bututun shaƙa na aljihun hagu:
fesa biyu, tari uku, a koma bakin tanda.
Ɗaya maganin kuwa, na safe da yamma,
yana kan taga, ƙura ta ɗinka masa hula.

Ranar da na ja shi wurin Dakta Quilodrán,
ta saurari bayansa, sai ta zagayo gaba,
ta ɗaura masa ma'aunin jini a damtse, ta yi jim.
Ya ce, "Likita, kin yi ɓatan kai.
Huhu na kawo miki. Zuciyata garau take,
mace ɗaya ta zaɓa, har yau ba ta saki ba."
Ta murmusa, murmushin bai kai ido ba.
Ta ce, "Katanga ɗaya suka haɗa, Don Eleuterio.
Kumburin da ya daɗe yana cin hanyar iska
ba dole ne ya tsaya a nan ba,
jini kan iya kai saƙonsa ga jijiyoyi.
Ban ce zai faru ba, na ce ka sa ido.
In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta..."
Ya shafa haɓarsa, ya ce, "Ni kullum a aske nake,"
ya ɗauki hularsa.

Wata Laraba ce cikin Yuli, sanyi na ratsa ƙashi.
Farantin burodi ya suɓuce daga hannun damansa,
zafafan burodi suka watse har bakin titi.
Nibaldo, yaron shago, ya zabura
ya zaro shuɗin bututun,
domin abin da duk muka iya ke nan.
Amma ƙirjin shiru yake, babu fito, babu tari.
Baki ne ya karkace.
Ya kira sunana, rabin sunan ya maƙale.
Shekara talatin muna gadin ƙofar gaba,
ɓarawo ya hauro ta gidan maƙwabci.

Motar asibiti ta zo da wuri, Allah ya sa
matar mai sayar da kifi ta gane alamar.
Da an jira gari ya waye, da wani labarin ne.

Yanzu yana zaune bakin taga,
ina ba shi ɗan curin kwaɓin fulawa a leda,
yana matsawa da hannun da ya yi masa yaji.
Jiya yatsu uku suka amsa.
Maganin taga ya tuɓe hularsa,
ya sami abokai, ƙwayoyi biyu farare.
Sunana ya dawo bakinsa, sai dai yana ɗingishi.

Da dare nakan kara kunne a ƙirjinsa,
yana ƙunƙuni wai shi ba rediyo ba ne.
Ina jin su duka biyun ta katanga ɗaya:
ɗaya na shara da tsohuwar tsintsiya,
ɗaya na ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.
Gobe za mu gwada matakala goma.
Shi ya ce sha biyu.